Ƙasar Haƙo Da Buhun Siminti

Duk wanda ya bi hanyar mota daga Jos zuwa Bukuru, ya zarce Barikin Ladi, ba ya rasa ganin waɗansu tuddai jajaye da farare dama da hauni, kusan kowane da kududdufi a gindinsa. Baƙo ya kan zaci haka Allah ya halicce su. Ba haka ba ne. Hannun mutum ne ya tara su, da shebur da kwanon sarki, daga baya kuma da manyan injuna. Ƙasa ce da aka ture garin neman kuza. Tun wajen 1904 Turawan kamfani suka fara haƙa a wannan wuri, ko da ya ke mutanen Riruwai sun daɗe suna narkar da kuza kafin Bature ya san hanya. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, abin da aka fitar ya haura tan 17,000 cikin shekara guda, kuma a shekarun nan ne aka riƙa ɗibar talakawa tilas daga lardunan Arewa ana kai su aikin. Kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985, babban haƙo ya mutu. An kwashe tsaba an kai Ingila, an bar dusa ta danne gonaki da makiyaya da aka ƙiyasta sun ɗara murabba'in kilomita 300.

Ga kuma siminti a ɗaya gefen. Manomin yau ba ya iya kauce masa. Bakin rijiya siminti, komin shayar da shanu siminti, daɓen shanyar shinkafa da barkono siminti, haka magudanar ruwa a lambu da ɗakin ajiyar taki. A watan Fabrairu na 2024 buhu mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a garuruwa da yawa, har waɗansu suka tsai da gini a rabin taga. Shi ya sa labarin da ke yawo, cewa masana sun gano ana iya zuba ƙasar haƙo a madadin wani kashi na siminti, ya ke da daɗin ji ƙwarai. Labarin gaskiya ne. Amma wanda ya ji rabinsa ya tafi ya aikata, gara wanda bai ji kome ba, gama ƙasar haƙo ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ba ta wuce yashi ba, akwai wadda za ta yi aikin siminti in an wahala a kanta, akwai kuma wadda ba ta kamata ta shiga gida ba ko kyauta aka bayar.

Abin Da Ke Cikin Buhu

Asalin siminti dutse ne, dutsen farar ƙasa, irin wanda ke shimfiɗe a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka, da Obajana, da Malbaza ta ƙasar Nijar. A kan fasa shi, a niƙa, a gauraya da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu mai juyawa, a hura wuta har zafi ya kai digiri 1,450. Abin da ke fitowa dunƙule-dunƙule ne, waɗansu kamar gyaɗa, waɗansu kamar goro, ana kiransa kilinka. Shi a ke niƙewa da ɗan jibsam, don kada ya yi saurin daskarewa, a ɗura a buhu.

Wutar nan ita ce ke cin kuɗi, ko ta kwal ce ko ta gas. Har wa yau, dutsen da aka ƙona ba ya fitowa da nauyinsa: cikin kowane kilo 100, kilo 44 iska ce da ke tashi sama, irin iskar nan da ke ƙara wa duniya zafi, ta rikita damina. Duniya tana yin siminti wajen tan miliyan dubu 4 a shekara, kuma an lissafta kashi 7 ko 8 cikin 100 na wannan iska da 'yan Adam ke saki daga tanderun siminti ta ke fitowa. Saboda haka mai kamfani da masani da mai saye duk abu ɗaya su ke nema, watau a rage kilinka a cikin gini ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba.

Mutane da yawa suna zaton siminti bushewa ya ke yi. A'a, shan ruwa ya ke yi ya rikiɗa. In ruwa ya shige shi sai ya haifi wani irin danƙo mai ƙarfi wanda ke kama yashi da tsakuwa ya mai da su dutse guda. Tare da danƙon nan ya kan bar wata farar ƙasa, 'yar'uwar wadda a ke shafe bango da ita, mai yawa kuwa, kimanin kashi 1 cikin 5 na abin da ya daskare. Ita ba ta ƙara wani ƙarfi na kirki, ruwa ma ya kan tsotso ta, shi ne farin zane da a ke gani yana gangarowa a jikin kwalbati. To, akwai waɗansu garin ƙasa da toka waɗanda su kaɗai ba sa kama kome, amma in sun tarar da wannan farar ƙasa cikin laima sai su cinye ta su mai da ita danƙo. Duk maganar rage siminti a nan ta ke tsaye. Rumawa sun san wannan tun da daɗewa. Tokar dutse mai aman wuta su ke ɗebowa daga Fozuwoli ta ƙasar Italiya, su kwaɓa da farar ƙasa, kuma ga ƙubbar Fantiyon can a birnin Rum tana tsaye, shekara kusan 1,900 ke nan.

Magina na ƙasar Hausa su ma ba baƙi ba ne ga mai da shara abin gini. Laso da a ke shafe soro da shi, a ke kuma daɓe karofi don kada ruwan baba ya tsiyaye, da me a ke yinsa? Katsi ne, watau gurɓin da ke kwantawa a gindin karofi, da gashin jima da majema suka kankare suka yar, da ruwan dafara. Amma ba a taɓa jin maginin da ya ɗebo katsi ɗanye ya shafa a bango ba. Sai an shanya, an ƙona, an daka, an tankaɗe. Mai son amfani da ƙasar haƙo ya riƙe wannan.

Wadda Ba Ta Wuce Yashi Ba

Yawancin kuzan Jos a tsofaffin hanyoyin rafi aka same shi, binne ƙarƙashin ƙasa. A kan ture ta sama, a ɗebo ta ƙasa a wanke da ruwa, mai nauyi baƙi ya kwanta, yashi da tsakuwa su wuce. Yashin nan farin dutse ne mai ƙyalli wanda ya shekara dubbai cikin ruwa bai canja ba, ba kuwa zai canja don an zuba shi cikin siminti ba. Wanda ya rage siminti kwano ɗaya ya cika da wannan yashi bai yi wata dabara ba, abin da masu buga bulo marasa tsoron Allah ke yi kullum shi ya yi.

In an niƙe irin wannan dusa ta yi laushi kamar simintin kansa, ta kan yi ɗan amfani, gama tana shiga 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyi ta toshe su. An yi gwaje-gwaje da yawa a Sin da Indiya da Birazil, da jami'o'in Nijeriya, a kan dusar ƙarfe irin ta Itakpe, da ta tagulla, da ta zinariya. Abin da yawancinsu suka nuna shi ne daga kashi 5 zuwa wajen 15 cikin 100 ƙarfin kankare ba ya raguwa sosai, in an zarce haka kuwa sai ya fara faɗuwa. A yi lissafi da kashi 10: kilo 5 ke nan a kowane buhu, watau mai aikin buhu 20 ya tsira da buhu 2. Ba abin rainawa ba ne. Sai dai niƙa dutse har ya zama gari yana shan mai da lantarki, kuma ga ƙaramin mai gini kuɗin niƙa da na tifa suna iya cinye buhu biyun nan har su nemi ƙari.

Inda wannan dusa ta ke da daraja ta gaske shi ne a matsayinta na yashi. A Birazil madatsar da a ke tara dusar ƙarfe ta ɓalle a Mariyana a 2015, ta kashe mutum 19, ta ɓata kogi har teku. Wata ta sake ɓallewa a Burumadinyo a watan Janairu na 2019, mutum 270 suka hallaka, da yawansu suna cin abincin rana. Bayan wannan ne kamfanin Vale ya shiga tace dusarsa yana sayarwa ga magina a matsayin yashi, tun daga 2021. Manomin fadama da ya ga yadda masu tifa ke cin gaɓar kogi har gona ta rufta ya san amfanin a sami yashi a wani wuri dabam. Abin lura ɗaya ne, yashin haƙo ya kan zo da laka. A zuba shi a kwalba har rabi, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye sa'a uku. Laka za ta kwanta a bisa yashi. In kaurinta ya kai kashi 1 cikin 10 na tsawon yashin, sai an wanke kafin a kwaɓa.

Wadda Wuta Ke Tayarwa

Ta biyu ita ce mai albarka, ita ce kuwa aka fi rainawa: yumɓu. Akwai farin yumɓu da a ke haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, da Alkaleri ta jihar Bauchi, da wurare da dama a Filato, wanda masana ke kira kawolin. Masu yin takarda da fenti da tangaram su ke saye, su kuwa fari fat su ke so. Duk wanda ya yi ja-ja ko ya gauraya da ƙasa sai a ture shi gefe. Siminti bai damu da launi ba. Haka kuma cikin ƙasar sama da a kan yaye kafin a kai ga ma'adini sau da yawa akwai irin wannan yumɓu.

Ɗanyensa mugun abu ne a cikin kankare, yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsage. Amma in an gasa shi tsakanin digiri 700 da 850, ruwan da ke ɗaure a cikin jikinsa ya fita, sai ya zama mayunwacin farar ƙasan nan da siminti ke bari. Gashin yana da iyaka gaba da baya. In wuta ta gaza, yumɓu na nan yumɓunsa. In ta wuce wajen 900 sai ya ƙone ya mutu, ya koma kamar yashi. Mata masu ginin tukwane sun san tukunyar da ba ta gasu ba da wadda wuta ta ci, sai dai su da ido da ƙara su ke ganewa, nan kuwa ma'aunin zafi a ke bukata. Garin tsingaro da na jan bulo da aka daka ma suna da ɗan wannan hali, Rumawa da mutanen Indiya sun yi gini da su.

Masana na wata babbar makarantar injiniyoyi a Lozan ta ƙasar Suwizalan, tare da abokan aikinsu na Kuba da Indiya, sun fito da wani haɗi da a ke kira LC3. Cikin kashi 100, kilinka 50 ne kawai, gasasshen yumɓu 30, garin dutsen farar ƙasa wanda ba a ƙona ba 15, jibsam 5. Ƙarfinsa ya kan kamo na siminti na sosai cikin mako guda ko kusa da haka, iskar da a ke saki kuwa ta ragu da kashi 30 zuwa 40. Abin da ya fi muhimmanci ga masu tarin haƙo shi ne ba sai yumɓu mai kyau ba. In kawolin da ke ciki ya kai wajen kashi 40 cikin 100 ya isa. A jihar Para ta Birazil an gwada ragowar da manyan masu haƙar kawolin ke zubarwa, aka tarar in an gasa ta tana aiki ƙwarai. A Gana, inda dutsen siminti ya yi ƙaranci har a ke sayo kilinka daga ƙetare, an buɗe babbar masana'antar gasa yumɓu a Tema a 2025.

Daɗa a nan ne ya kamata mai karatu ya lura da bambanci. Rabin kilinka da a ke ragewa, a masana'anta a ke rage shi, inda a ke auna zafi, a auna laushi, a gwada kowane zubi. Ba aikin da mutum zai yi a bayan gida da kara da kashin shanu ba ne ya sa ran samun rabi. Ƙungiyar manoma ko ta masu bulo da ta sami injiniya ya gina mata ƙaramin tanderu, ya tsaya a kan gwaji, tana iya samun kashi 10 zuwa 20 lafiya. Wannan aiki ne da ya dace da ƙananan hukumomin da ke zaune a kan yumɓu suna sayen siminti daga nisan mil ɗari uku.

Manomin shinkafa ma yana da nasa a hannu, ko da ya ke ba daga rami ya fito ba. Ɓuntun da ke tashi tudu-tudu a bayan injinan casa na Kura da Haɗeja da Argungu, in an ƙona shi sannu-sannu ba da wuta mai ƙarfi ba, tokarsa tana cin farar ƙasan siminti kamar gasasshen yumɓu. Shanshera kilo 100 ta kan ba da ɓuntu wajen kilo 20, shi kuma ya ba da toka wajen kilo 4. Fara-fara a ke so. Baƙa gawayi ne bai gama ci ba.

Wadda Ba Ta Shiga Gida

Da yawa daga cikin Turawan da suka yi aikin kuza a Jos mutanen Konwal ne, wani lardi a kudu maso yammacin Ingila inda aka daɗe ana haƙar kuza da tagulla. Abin da ya sami garuruwansu ya isa ishara. Daga wajen 1900 zuwa wajen 1950 magina a can suka riƙa buga bulo da tsakuwar da ke zube a bakin ramuka, gama kyauta ce, ga ta kusa. Gidaje suka tashi, suka yi kyau, aka shiga. Ashe cikin tsakuwar akwai wani dutse mai ƙyalli rawaya-rawaya, haɗin ƙarfe da farar wuta, wanda su ke kira mandik. In laima da iska suka same shi sai ya yi tsatsa ya fid da ruwa mai tsami, ruwan ya riƙa cin siminti daga ciki. Ba a shekara ɗaya ko biyar abin ya bayyana ba. Sai bayan maginin ya mutu, jikoki na cikin gida, aka ga bulo yana marmashewa a hannu. Har yau mai sayen tsohon gidan bulo a wannan lardi, banki ba ya ba shi rance sai an huda bango an ciro ɗan yanki an gwada. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yashin da aka wanke kuza daga tsohon rafi ba shi da wannan cuta sosai. Amma inda a ke fasa dutse a bi jijiyar ma'adini, kamar ramukan dalma da tozali na Zurak a ƙasar Wase, da na Abakaliki, da ramukan zinariya da yawa, farar wuta tana nan. Alamarta ba ta ɓuya ga mai lura: ruwan da ke tsiyayowa daga tarin ja ne ko rawaya kamar tsatsa, ciyawa kuma ba ta fitowa inda ya bi.

Cuta ta biyu ba ta da launi, ba ta da wari. A garin Giran Jankshan na jihar Kolorado a Amurka, wata masana'antar yuraniyom ta bar mutane su ɗebi dusarta kyauta daga shekarun 1950 har zuwa 1966. Yashi ne mai laushi, mai daɗin aiki. Aka ɗebi wajen tan 300,000, aka zuba ƙarƙashin daɓe, aka kwaɓa da siminti, a gidaje da makarantu da majami'u. Daga baya aka gane yana fid da wani tururi da ido ba ya gani, wanda ke taruwa a rufaffen ɗaki, mai shaƙarsa shekara da shekaru yana iya kamuwa da ciwon daji na huhu. Gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa tana fasa daɓe tana kwashewa a wurare fiye da 4,000. Kusa da gida kuma, a Akokan ta ƙasar Nijar, masu bincike sun auna titunan gari a 2009 suka tarar da duwatsun ramin yuraniyom da aka yi ciko da su. Ramin Akuta da aka rufe a 2021 ya bar dusa wajen tan miliyan 20 a fili.

Kada mutumin Filato ya ce wannan labarin nesa ne. Tare da kuza da kwalambait akwai waɗansu ma'adinai masu nauyi, monazait da zirkon, masu ɗauke da toriyom da yuraniyom. Wankin farko a bakin rami ba ya raba su da kuza, tare su ke kwantawa. Sai a gidajen tacewa na cikin Jos da Bukuru a ke fid da su a tara gefe. Masanan jami'o'in ƙasar nan sun sha auna irin wannan tari suka tarar tururinsa ya ninka na ƙasar gona sau da yawa. Ga shi kuwa yashi ne mai kyaun gani, mai nauyi, ba laka, irin wanda birkila ke so don shafe, an kuwa sha ɗibarsa a yi gini. Siminti ba ya kashe wannan tururi. Bangon da aka shafe da shi zai yi ta fitarwa muddin yana tsaye, a kan wanda ke kwana a ɗakin. Watau tudun da ke bakin tsohon rami da tarin da ke bayan gidan tacewa, ko da sun yi kama, kama da wane ba ta wane.

Ta uku dalma ce, ita kuwa Arewa ta riga ta biya kuɗin karatunta da tsada. A 2010 aka ga yara suna ta suma suna mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega da waɗansu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Da likitocin ƙungiyar MSF da na gwamnati suka bincika, sai aka tarar duwatsun zinariya da a ke kawowa cikin gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin, cike su ke da dalma. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai aka yi wa magani, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zubo sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Gaskiya ne kankare ya kan riƙe wani kashi na dalma ya hana ta yawo, amma kafin ta shiga kankaren sai an ɗebo, an niƙa, an tankaɗe, an kwaɓa, duk a cikin mutane. Dalma kuma tana hana siminti kamawa da wuri. Daɓen da za a shanya hatsi a kai, ko komin da dabba za ta sha ruwa, ba wurin gwada wannan ba ne. Injin niƙan hatsi kuwa kada a kuskura a zuba masa dutsen haƙo kowane iri, ko sau ɗaya.

Kafin A Rage Ko Kwano Ɗaya

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Yawancin simintin da ke kasuwar Nijeriya an riga an rage shi tun daga masana'anta. A duba jikin buhu. Wanda aka rubuta wa CEM II/A-L yana da garin dutsen farar ƙasa kashi 6 zuwa 20 cikin 100, mai CEM II/B-L kuwa kashi 21 zuwa 35. Wannan ba ha'inci ba ne, doka ta yarda, an kuma auna. Lambar 32.5 ko 42.5 da ke gefe ita ce ƙarfin da zai kai bayan kwana 28. Amma kunun da aka riga aka tsinka ba ya ɗaukar ruwa kamar mai kauri. Kashi 10 da ya yi daidai a ɗakin gwaji da siminti mai ƙarfi yana iya yin yawa a kan buhu mai 32.5, balle wanda ya kwana biyu a shago ya fara dunƙulewa.

Saboda haka mai son gwadawa ya fara da inda ba rai a ƙarƙashi: daɓen hanya, katangar lambu, turakun shinge, magudanar ruwa. Rufin kankare, da ginshiƙi, da kan ƙofa, da zoben rijiya, da duk abin da a ke sa wa rodi, waɗannan sai da injiniya. Ya buga bulo kashi uku a rana ɗaya, da kwano ɗaya, da ruwa daidai: na fari ba ragi, na biyu an rage kwano 1 cikin 10, na uku kwano 2. Ya sa musu alama, ya lulluɓe da tsohon buhu, ya riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Siminti mai gauraye ya fi jinkirin kamawa, ya fi kuma son ruwa, mako biyu bai yi yawa ba, tun ba lokacin hunturu ba da iska ke zuƙe laima kafin azahar. Bayan kwana 28 ya karce su da ƙusa, ya jiƙa waɗansu cikin ruwa kwana ɗaya, ya saki waɗansu daga tsawon ƙirji, ya ga bambanci. Wanda ke kusa da jami'a ko kwalejin fasaha, sashen injiniyoyin gini suna da injin matse kankare, su kan gwada wa mutum su ba shi lamba a rubuce.

Wannan gwaji ƙarfi kaɗai ya ke nunawa. Bulo mai tururi da bulo mai dalma suna iya fin kowane ƙarfi, mandik kuma ba ya nuna kansa cikin kwana 28. Sanin guba sai ɗakin bincike. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, mai na'urorin auna tururi da gane ƙarafan da ke cikin ƙasa, akwai Hukumar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya da aka kafa a 1978. Kuɗin gwaji ya yi wa mutum ɗaya nauyi, amma ƙauye guda ko ƙungiyar masu bulo in sun haɗa hannu ba kome ba ne, tun da tudu ɗaya za su ɗiba duka. A ɗebo samfur daga wurare da dama, sama da tsakiya da gindi, kowane a ƙullinsa da alamarsa, gama tarin da aka shekara 40 ana zubawa ba abu ɗaya ne a cikinsa ba. A kuma tuna dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinan ƙasa duka a hannun Gwamnatin Tarayya, saboda haka kafin a kawo tifa a nemi ofishin ma'adinai da mai ƙasa. Masu ɗiba kuma su ci tudu daga sama, kada su rarake gindinsa, ƙasar zubi ba ta da riƙo.

In an kwashe tudu, filin da ya fito ba ya zama gona nan da nan. Ƙasar sama mai taki tun tuni aka binne ta. Tun wajen 1949 gwamnati ta kafa ma'aikatar gyaran filayen haƙo a Filato, ta baje waɗansu tuddai ta dasa itatuwan turare, itatuwan suka kama, amma ƙasar ƙarƙashinsu ba ta koma ta noma ba. Waɗanda suka fi cin nasara su ne masu noman rani na bakin kududdufai, da suka riƙa sayen tokar jujin gari da takin dabbobi suna zubawa shekara bayan shekara, har tsakuwa ta soma ba da kabeji da karas da latas da tumatir da a ke lodi zuwa kudu. Su ruwan ramin su ke ja da injin ban-ruwa tun daga Nuwamba har saukar damina, kuma duk mai shirin baje tudu ya ture shi cikin kududdufi sai ya fara zama da su tukuna.